Layi Goma Sha Huɗu a Gindin Shafi

A ofishin rajista na birnin Bolonya, a Italiya, nake kallon wani tsohon magatakarda, ƙeya a sunkuye, yatsu duk tawada. Ya gama rubuta wasiyyar kawuna, fili ya rage a gindin shafi. Ba a barin fili, kada wani ya cusa ƙarya, don haka yake cike shi da soneto, wato waƙa mai layi goma sha huɗu. Yana ƙirga layi da yatsu, yana leƙen taga. Da alama bai taɓa wuce ƙofar gari ba.

"Zambono, yau ma teku aka nufa a waƙar?" in ji abokin aikinsa, yana dariya.

"Bar ni, kai dai. Layi takwas na tafiya ne, shida na dawowa."

Ya cike shidan. Aka rufe littafin, aka sa shi a akwati, aka datse da kwaɗo.