Dangwalen Mai Takaba

Jikokina, ku matso ku ji. Ni ɗin nan da kuke gani da carbi, na yi zaman gidan yari.

Da can tuwo nake sayarwa a Karmo. Ni da aminiyata Asabe, 'yar Yangoji, muka haɗa adashenmu muka buɗe wurin buga bulo a Dei-Dei. Lauya ya yi mana rajista, ya ce wurin namu ne mu biyu, ba mai sayar da ko shebur sai ɗayar ta dangwala yatsa.

Ana nan, mijin Asabe ya rasu, ta shiga takaba. Ta ce, "Yaya, ki riƙe mana wurin." Na fara da kai buhun siminti gida, ba wanda ya tambaya. Sai tifar yashi. Sai wani oga ya ce yana son sayen filin har da injin bulon.

Na lulluɓe ƙanwata Talatu har ƙasa, na kai ta gaban lauyan ogan, na ce ga Asabe. Wa zai ce wa mai takaba ta buɗe fuska? Har ta'aziyya suka yi mata. Ta dangwala.

Da Asabe ta fita takaba ta je wurin, sabon maigadi ya tare ta, ya ce, "Madam, wa kike nema?"

Ta kai ƙara kotu. Na rantse ita ta dangwala, zafin mutuwa ne ya mantar da ita. Ta dube ni ta ce, "Yaya, ni ko ƙofar gida ban leƙa ba." Aka gwada yatsanta, bai yi daidai ba. Sai direban ogan ya ce shi ya mai da mai takabar gida rannan, kuma ga ta can zaune, ya nuna Talatu. Alƙali ya ce Talatu ta matso a kawo tawada. Ta taso da goyo a bayanta.

Na miƙe na ce, "Ranka ya daɗe, ni na tilasta ta."

Aka ɗaure ni, aka soke cinikin. Amma kafin shari'a ta ƙare inji ya yi tsatsa, leburori sun watse.

Da na fito na tuba, na durƙusa gaban Asabe. Ta ce ta yafe saboda Allah, ba ta ƙara ko kalma ba.

Ku da kuke haɗa sana'a da wani, ku ji tsoron ranar da ba ya nan, kada ku taɓa rabonsa. Bara Asabe ta rasu. Na je da sabulu da turaren wankan gawa, 'ya'yanta suka tsayar da ni a zaure.