Malam Muhyiddeen da Makirfon Shagona

Duk wanda ya zauna a Sharaɗa wajajen 2006 ya san Malam Muhyiddeen, in bai san fuskarsa ba ya san muryarsa. In ya yi sallama a bakin titi, daga cikin masallaci ake amsa masa. Ba faɗa yake ba. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gyaran wutar injina a wata masaƙa a Bompai, inda ba a magana sai da ihu, har kunnensa ya yi nauyi. Masaƙar ta rufe, shi kuwa ya taho da ihunsa gida.

Ni Tijjani, shagon intanet gare ni a lokacin, kwamfuta shida da janareta mai taurin kai. Wata Lahadi da hantsi ya shigo da takarda a ninke. Lasisinsa ne na ƙaramin rediyon nan da masu sha'awa ke kiran juna da shi ta iska. A bayanta an rubuta lambar kiran Mista Raman, injiniya Ba'indiye da ya koya masa aikin wuta da na rediyo, mai jin Hausa kamar jakin Kano. Shekara tara da komawarsa gida, ba adireshi, ba lambar waya. Eriyar Malam ba ta kaiwa Indiya, amma ya ji an ce yanzu ana haɗa rediyo da intanet.

"So nake in gaishe shi kafin ɗayanmu ya riga ɗaya," in ji shi.

Sati biyu masu shafin da ke haɗa rediyo da intanet suka yi suna tantance lasisin. Ranar farko kuwa sai ga lambar Raman cikin waɗanda ke kan layi. Malam ya cafki makirfo, ya murɗa ƙarfinsa har ƙarshe, wai ai Indiya da nisa, ya kwarara sallama. Daga can aka ce da Turanci ba a jin komai sai ƙara. Sau uku ana haka, Raman ya sauka daga layi bai gane shi ba. Ya ba ni tausayi, ya kuma ba ni haushi, don sai da na hana shi murɗawar.

Akwai wurin gwaji a kwamfutar, ka yi magana ta maido maka da muryarka. Da ya ji tasa sai ya ɓata rai.

"Wannan wane mahaukacin ne?"

"Ku ne, Malam."

Na nuna masa ɗan layin da ke tashi in ana magana: kore lafiya, ja ɓarna. Muka rage ƙarfin makirfo ƙasa da rabi, ya bar tazarar yatsu huɗu tsakaninsa da baki, na kashe fanka. Matsalar ita ce in ya sassauta murya ba ya jin kansa, sai dai ya tsura wa layin ido. Lahadi uku ya yi yana karanta tsohuwar jarida a hankali, gumi na zuba. Har matarsa Badi'a ta aiko min da dambun nama, wai gida ya huta. Raman kuwa shiru, kullum Malam sai ya bi jerin sunayen da yatsa har ƙasa.

A Lahadi ta huɗu lambar ta bayyana. Ya sa abin ji a kunne ɗaya, na kara ɗayan a nawa. Ya danna maɓallin magana.

"Mista Raman, Muhyiddeen ne, daga Kano."

Layin bai bar kore ba. Aka ɗan jima, sai ga muryar tsoho, siririya.

"Muhyiddeen! Ina jin ka tar, kamar kana gefena. Amma ban ji injina a bayanka ba. An ɗauke wuta ne?"

Malam ya danna maɓallin, ya riƙe. Ya ce, "Shekara biyu ke nan da rufe masaƙar, Maigida. Kowa ya watse, sai ni nake ta nemanka."