Ranar da Aka Fasa Buronmu a Konni

Wata bakwai na yi ina sakatariya a buron wani kamfanin kirifto a Birnin Konni, bayan tashar motocin Dogarawa. Aikina in karɓi wayar mutum, in buɗe masa asusu a manhajarmu, in nuna masa sefarsa ko nairarsa ta koma kuɗin intanet tana hawa. Maigidanmu ya ce kuɗin suna can waje suna haihuwa. Na yarda, na kuma sa mutane suka yarda.

Wata safiya manhajar ta ƙi buɗewa. Maigidan ya ce rezo ne, wato layin sadarwa, zai tsallaka iyaka ya gyara. Bai dawo ba.

Ranar kasuwa, da hantsi, mutane suka zo. Mu biyu ne a buron, ni da mai gadinmu, wani tsohon soja da nake kira Baba. Da ya hango su sai ya tura ni ciki, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ina maigidanku?" in ji wani dillalin shanu na Illela, da gora a hannunsa.

"Ba ya nan. Ku yi haƙuri, mu tai wurin hukuma tare," in ji Baba.

Bai rufe baki ba dutse ya fasa tagar, gilashi ya watso mini a jiki. Dillalin ya ɗaga gorar ya sauke wa Baba a fuska. Na ji ƙarar kamar an fasa ƙwarya. Ya durƙusa, suka bi ta kansa, wasu na takawa, wasu na ƙara masa da itace. Suka farfasa tebur da na'ura, suna neman kuɗin da ko dala babu a ɗakin.

Wata mata daga Tajaye ta jawo ni daga bayan kujera. Na gane ta. Abin da mijinta ya aiko daga ci-rani ta kawo mana, ni na rubuta ta. Ta fizge kallabina, ta naɗe gashina a hannunta, ta dinga gwara kaina da bango.

"Ke kika ce mini shina haihuwa! Ina abin da ya haifa?"

Ban kare kaina ba. Haƙorina ɗaya ya fita, jini ya cika mini baki. Sai da jandarma suka yi harbi sama aka watse.

Kwana biyu suka tsare ni, suka ga ba abin da na sani, suka sake ni. Na wuce asibiti. Idon Baba na hagu ya tafi, haƙarƙarinsa uku sun karye. Na tsuguna ina ba shi haƙuri, sai ya lalubo waya ƙarƙashin matashi ya miƙo mini.

"Ɗiyata, duba mini, ko nawa sun dawo."

A ranar na san ya zuba kuɗin sallamarsa na soja gaba ɗaya, a hannun maigidan, a ɓoye, don kada in yi masa dariya. Na danna, ba komai. Na gaya masa gaskiya. Ya juya fuska bango.

Da aka sallame shi ya koma ƙauyensu. Ni kuma gwaggona ta zo ta ɗauke ni zuwa Malbaza, inda nake ɗinki yanzu. Har yau in mota ta kai ni Konni, a bakin gari nake sauka.