Ranar da Malam Attahiru Ya Buɗe Gonarsa

Duk garin Jabo an san Malam Attahiru da rowar labarin gona. Ko gero ya yi kai kamar zai karya kara, in ka tambaye shi sai ya ɓata fuska ya ce, "Muna dai lallaɓawa." Tsoron kambun baka ne, tun yana saurayi yake kwaso damman geronsa ta bayan gari.

Sai Allah ya ba shi 'ya mai binciken kimiyya, aikin da ba ya cika sai an nuna wa duniya. Hamdiya ta yi damina uku tana gwaji a rabin gonarsa kan ƙuduji, ciyawar nan mai shanye gero: taki kaɗan a gindin kowace shuka, wake a tsakani, a tuge ciyawar kafin ta yi fure. Abin ya yi kyau har ya ba uban tsoro.

"Baba, abokan aikina za su zo su duba, manoma ma ina son su gani kafin girbi."

"Mi? Taro cikin gonata? Ki rubuta musu takarda, ɗiyata."

"Na rubuta, har na yi bayani a taron masana. Amma wa zai karanta wa abokinka Baba Ɗangiwa Turanci? In aka girbe ba a gani ba, wahalata ta tafi a banza."

Ya ƙi, ƙememe. Ni kaina da nake maƙwabcinsa na ji haushinsa.

Ana haka ya bi ta gonar Ɗangiwa, abokinsa na ƙuruciya. Ya tarar da shi tsugune cikin furen ƙuduji, geron ko gwiwa bai kai ba. Ko gaisawar kirki ba su iya yi ba.

Ranar Juma'a ana sallamewa, sai ga Malam Attahiru tsaye. "Jama'a, gonata nika kiranku, ku taho ku gani!"

Kai, ranar da aka taru a gonar an sha kallo! Babura har daga Tambuwal, masana da kyamarorinsu, manoma na tattaɓa zangarniya suna salati. Hamdiya ta fara bayani, uban ya ƙwace zancen, yana tona gindin shuka da yatsa, ita tana gyara masa awon takin tana dariya.

Ɗangiwa ya matso kusa da shi. "Attahiru, ba ka tsoron baki?"

"Ina tsoro mana, har yanzu gabana faɗuwa shikai. Amma baɗi ba ni son in ci tuwo kai kana kallo. Tsuguna in gwada maka."