Ranar da Jirgin Kyaftin Ya Tashi

Kyaftin bai iya iyo ba. Ko a baho ruwa ya kai masa gwiwa sai ya nemi abin dafawa. Mai wanki ne. Sunan ya samo shi daga wani tsohon jirgin dakon kaya, irin faffaɗan nan marar inji da ake ja, wanda wani kamfanin yashi ya ɗaure a bakin kogi tun Kyaftin yana da gashi a ka. Kamfanin ya mutu, jirgin ya zauna. Ya yi tsatsa, gindinsa ya nutse a laka, rabin jikinsa ya tare hanya, masu kwale-kwale kullum sai sun zage shi kafin su kewaye.

Kyaftin kuwa ya ɗora katako daga tudu zuwa bakin jirgin, ya kafa sanduna, ya ja igiyoyi. Ba ƙura, ba akuya mai tauna hannun riga, ƙarfen kuma in ya sha rana bargo ma ba ya kai azahar da danshi. Da wannan shanya ya janye kwastomomin sauran masu wanki, da ita ya ciyar da gidansa har yara suka kama gabansu.

Hukumar hanyoyin ruwa ta sha zuwa. Jami'i zai hau, ya shafa jan fenti, ya ce doka ta ba su ikon janye duk jirgin da aka yasar a hanyar ruwa, ya tafi. Shekara ta zagayo wani ya shafa a kan na farko. Har fentin ya yi wa Kyaftin amfani: fararen kaya daga ja zuwa gaba, masu zubar da launi a baya.

Matarsa, da ake kira Mai Guga, ta ce, "Baban yara, wata rana mutanen nan za su tashi da ƙafar dama."

"Sai baba ta gani," in ji shi.

Baba ta gani wata safiya. Ya gama shanya wankin mako kenan, igiyoyi sun cika har suna lanƙwasa, sai ga jirgin ja yana tuttula hayaƙi. Wani matashin jami'i da rigar ceto ya bi katako ya hau.

"Baba, a kwashe kaya. Yau za mu ja."

"Ba su bushe ba."

"Sai ka ƙarasa a gida."

"Ɗan nan, taɓa ka ji." Ya miƙa masa gefen zani. "In na ninke wannan da danshi, gobe wari zai yi kamar jiƙaƙƙen kare. Tun da nake ban taɓa sauke kaya bai bushe ba. Ku sha iska zuwa azahar."

Jami'in, da yake mai ladabi ne, ya taɓa. Suna cikin wannan ciniki direban jirgin ja ya riga ya ɗaura igiyar ƙarfe, ya ce bari ya ɗan gwada. 'Yan kallo a tudu suna dariya, kowa ya san jirgin ya yi saiwa. Laka ta yi wani ƙara kamar saniya ta zare ƙafa daga taɓo. Katako ya faɗa ruwa. Jirgin da bai motsa ba tun zamanin gashi ya kama hanya, kuma a tsakiyar igiyar ruwa ba a tsayawa.

Kyaftin ya kwanta rub da ciki ya riƙe ƙafar jami'i, yana ambaton duk wanda ya taɓa ɓata wa rai. Jami'in ya tuɓe rigar cetonsa ya zura masa. Bai tashi ba. Abin da ya tashe shi wata singileti ce da iska ta fizge. Kafin ya tuna yana jin tsoro ya miƙe ya cafe ta, ya maƙala, ya bi layi yana gyarawa. Da ya ɗago kai sai ya ga unguwarsu tana tafiya: bayan gidansa, kwanon rufin da ya ce ya gyara bai gyara ba, ga zannuwan shanya suna kaɗawa a saman kansa kamar tutoci. Sai dariya ta ƙwace masa. Ya ƙame ya sara wa tudu.

Mai Guga tana bin gaɓa da dutsen guga a hannu, ta manta ta ajiye.

"Baban yara, in kun isa ƙasar waje a tuna da mu a tsaraba."

"Ki gaya wa yara uban nasu ya tashi aiki."

Unguwa duk ta biyo baya, kowa yana nuna kayansa. Wani ya hango gajeren wando mai faci a mazaunai, ya tambayi na wane ne. Mai shagon magani ya shiga duba agogonsa da gaske.

"Sirrin sana'a," Kyaftin ya amsa daga tsakiyar kogi, hawayen dariya na zuba.

Kafin su isa filin hukumar, inda ake yanka tsofaffin jirage, komai ya bushe ƙayau. Jami'in ya taya shi ninki, bai iya ba. Nan dariyar ta ɗan lafa.

"To gobe ina zan yi shanya?"

"Baba, mu ikonmu a kan ruwa yake. Shanya ba ofishinmu ba ne."

Kyaftin ya koma a mota, ƙunshin wanki a cinya, ya ƙi cire rigar ceto. A bakin kogi ya tarar da Mai Guga tsaye inda da inuwar jirgi take. Ashe shekara da shekaru yashi yana taruwa a bayansa, fari, shimfiɗe kamar tsakar gida. Har ta kafa sanda ɗaya.

Masu kwale-kwale sun ce tunda ba abin da ke kare shi, kogi zai cinye yashin. Gaskiyarsu, kowace damina yana gutsura. Kyaftin dai a nan yake shanya, yana matsar da sanduna baya kaɗan kaɗan. Tafiyar da ba ta wuce zuwa kasuwa ba yanzu a bakinsa har da guguwa da kada. In ya kai wurin kadan, Mai Guga takan ce ya fara ta wurin ƙafar jami'i.