Kunnen Hagu Ya Yi Shiru

Duk layin masu kayan sauti babu wanda bai san Baba Kunne ba. Shekara da shekaru yana zaune kan kujerar roba a bakin shagon ƙanensa, aikinsa guda ne: a miƙo masa hedifon, ya ɗora a ka, ya lumshe ido, ya faɗi yadda sautin yake.

Hedifon ɗin situdiyo ya fi ƙauna, amma ba kowa yake bari ya saya ba. "Wannan ba ya yi wa waƙa kwalliya," yakan ce. "Har numfashin mawaƙi za ka ji, har tuntuɓen makaɗi. In na zaman mota kake nema, gajiyar da kai zai yi." Samari su yi dariya, amma maganarsa suke bi.

Wata rana wata mai ɗinki ta zo neman abin da za ta riƙa saurare tana taka keke. Ƙanen ya ciro sabo fil daga kwali. Baba Kunne ya sa, ya ɗan jima, ya cire.

"Ɓangaren hagu ya mutu. A mayar musu da kayansu."

Matar ta karɓa ta gwada. "Baba, ai duka biyun suna yi."

Ya juya shi, ya ɗora na dama a kunnen hagu. Shiru. Ya jawo wani, ya jawo wani, duk haka. Ƙanen ya duƙufa wajen goge gilashin da ba shi da ko ƙura.

"Yaya, mun daɗe da lura," ya ce a hankali. "In muka kira ka ta can, ba ka waiwayowa."

Likita ya ce jijiyar kunnen hagun ta riga ta lalace, na daman ma ya kama hanya. Ƙarar da ya yi ta sha ce ta cinye su.

Bai daina zuwa shago ba. Masu saye kan gaishe shi su wuce ciki. In wani ya miƙo masa hedifon don kara, sai ya karanci fuskar mutumin, ya faɗa masa abin da yake son ji.

A gida matarsa ta fara ɗaga murya, ita da tun aurensu magana ƙasa-ƙasa take yi masa. Wannan ya fi komai ci masa rai. Ranar da jikarsa ta tsaya gabansu tana rera waƙar makaranta, leɓenta kawai ya bi da ido. Sai da kowa ya gama tafi sannan ya fara nasa.