Hannun Hagu a Ƙarƙashin Kwando

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don tsoron kada a ce ina kai ƙarar Inna ne. Ba haka ba ne, kuma Allah Ya jiƙan ta.

Bahago aka haife ni. Duk lokacin da na miƙa hagu, Inna sai ta buge shi da ludayi, har na koma yin komai da dama. Da na fara zuwa filin ƙwallon kwando kusa da Ƙofar Kware, da daman nake wasa. Idan na kutso ta gefen dama, ba na kuskure: in taka, in tashi da ƙafar hagu, in ɗora ƙwallo a jikin katako a hankali, ta faɗa kwando. Ta gefen hagu kuwa sai in murɗe jiki don in jefa da dama, mai tsarona ya kaɗe ta ba wahala.

Kocinmu, wani tsohon soja, ya ce in ban gyara ba, benci zan zauna. "Gefen hagu, hannun hagu. Jikinka ne zai kare ƙwallon."

Abin ya tsaya mini a rai, domin da bisimilla nake fara kowace jifa. Na je wurin Kawu, wanda yake karantarwa a zaurensa, na tambaye shi ko ya halatta in yi bisimilla in jefa da hagu.

Ya dube ni ta saman tabarau. "Kai ɗan nan, tuwo kaka ci da hagun? Tafi ka yi wasanka."

Washegari na kutso ta hagu, na tashi da ƙafar dama, na sake ta. Ƙwallon ta bar yatsuna da wani laushi da daman bai taɓa ba ni ba. Ban zauna benci ba, kuma har yau ban ga wanda ya fi ni wannan jifa a unguwarmu ba.

Yanzu ɗiyata ta fara miƙa hagu. Na yanke shawara: cin abinci da gaisuwa da dama, sauran a bar ta. Abin da ya rage shi ne makarantar allo, inda za ta shiga bayan salla. In akwai mai karatu da ya koyi rubutun allo da hagu, don Allah ya sanar da ni yadda malaminsa ya ɗauki abin, da kuma ko hannun yana goge tawada.